ƘARIN DA KE GIRMA A ƁOYE CIKIN CIKIN MUTUM

Kumburin ciki iri-iri ne. Akwai na saifa, wanda zazzaɓin cizon sauro ke kawowa. Akwai na tsargiya, in ta daɗe ta taɓa hanta. Akwai na tarin fuka, in ya sauka cikin ciki. Akwai kuma na ƙari, wato tsiron nama da ke fitowa inda bai kamata ba.

Wannan bayani a kan wani ƙari guda ne. Ba shi da yawa cikin jama'a, amma yana da kyau a san shi, don yakan girma ƙwarai kafin mai shi ya lura. Kuma abin da dangi suka yi tun farko yana cikin abin da ke sa a warke ko a rasa mutum.

MENE NE WANNAN ƘARI?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya ga tumbi da hanji. Na mutum ma kusan haka suke. Bangonsu kamar bangon rumbu ne: akwai yaɓe na ciki, akwai jikin bangon kansa.

Yawancin sankarar tumbi da hanji daga yaɓen ciki take tasowa. Amma akwai wani ƙari da ke tasowa daga jikin bangon. Lokotoro suna kiran shi GIST. An sa mishi suna a shekarar 1983, a ƙasar Amurka.

Cikin wannan bango akwai wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Su ne ke ba hanji umurni ya motsa, ya tura abinci gaba. Wani masani ɗan ƙasar Sifen mai suna Ramon i Kahal shi ya fara ganin su, shekaru fiye da 100 da suka wuce. Daga waɗannan ƙwayoyi, ko daga danginsu, GIST ke tsirowa.

Cikin mutum miliyan 1, kamar mutum 10 zuwa 15 ne ke samun GIST a shekara. Fiye da rabi a tumbi yake fitowa. Kamar 3 cikin 10 a ƙaramin hanji. Sauran a babban hanji, ko a dubura, ko a hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa tumbi.

To, akwai kaɗan da ba a tumbi suke ba, ba kuma a hanji ba. Suna zaune gefe, cikin kogon ciki. Su ake kira EGIST, wato GIST na wajen hanyar abinci. Cikin GIST 100, kamar 5 ne irin wannan.

INA YAKE FITOWA?

Wuri 3 ne ya fi fitowa:

1. Mayafin kitse da ke rufe hanji ta gaba. Mahauta sun san shi, shi ne kitse mai kama da raga.
2. Tantanin da ke riƙe da hanji, yana ɗaure shi da bayan ciki.
3. Can bayan ciki, kusa da ƙoda da ƙashin baya.

Wani lokaci kuma ana samun shi can ƙasa cikin mara. Ga mata, tsakanin dubura da gaba. Ga maza, kusa da mafitsara.

Masana suna da bayani 2 game da asalinshi. Na farko, akwai ƙwayoyi irin na bangon hanji da ke zaune a waɗannan wurare, su ne ke tsirowa. Na biyu, ƙarin yakan fara a bayan bangon tumbi ko na hanji, ya yi ta girma waje, har igiyar da ke haɗa su ta tsinke, kamar kabewa da ta rabu da yaɗonta.

ME KE KAWO SHI?

Cikin kowace ƙwaya ta jiki akwai abin da ke ce mata ta hayayyafa, akwai kuma lokacin da za ta tsaya. Kamar makunnin tocila ne: a kunna, a kashe.

A shekarar 1998, wani lokotoro mai suna Hirota da abokan aikinshi, a birnin Osaka na ƙasar Japan, suka gano cewa cikin wannan ƙari makunnin ya maƙale a kunne. Sunan makunnin KIT. Tun da ba ya kashewa, ƙwayoyin sai su yi ta hayayyafa dare da rana. A shekarar 2003 aka gano makunni na biyu mai irin wannan lahani.

Lahanin cikin jikin mutum yake aukuwa, yawanci bayan ya manyanta. Cutar ta fi kama masu shekara 50 zuwa 70, maza da mata. Ba ta cika kama yara ba.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe:

- Ba a ɗaukar ta wajen cin abinci tare, ko kwana ɗaki guda.
- Ba abinci ke kawo ta ba, ba ruwan sha ba.
- Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. Kada a zargi kishiya ko maƙwabci.
- Da wuya ƙwarai a gaje ta daga iyaye.

YAYA AKE GANE SHI?

GIST na tumbi ko na hanji yakan tona asirin kanshi. Yana huda yaɓen ciki, jini ya zuba. Mutum ya ga kashinshi ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ya yi aman jini. Tsoro ya sa a kai shi gidan likita.

Na waje ba haka yake ba. Bai taɓa hanyar abinci ba, don haka ba a cika ganin jini ba. Kogon ciki kuma yana da fili. Ƙarin sai ya yi ta girma wata da watanni, mutum yana nomanshi, yana cin tuwonshi, bai san kome ba. Shi ya sa sau da yawa, kafin a gane shi, ya wuce santimita 10.

In ya girma, ga alamun da ake gani:

1. Ƙullutu cikin ciki, wanda hannu ke iya taɓawa. Wani yana motsi in an tura shi, wani ba ya motsi.
2. Ciki yana ƙara girma, alhali hannuwa da fuska suna ramewa.
3. Ciwon ciki mai nauyi-nauyi, wanda ba ya tafiya.
4. Saurin ƙoshi: loma kaɗan, mutum ya ji ya cika.
5. Kasala, da rashin jini: cikin ido da tafin hannu su yi fari.
6. In ƙarin yana mara, yakan danne hanji ko mafitsara. Sai bayan gida ya yi wuya, ko fitsari ya yawaita.
7. In yana bayan ciki, yakan sa ciwon baya.

Waɗannan alamu ba na wannan cuta kaɗai ba ne. Cututtuka da yawa suna kawo su. Ba mai iya rarrabewa da ido ko da hannu, ko da ya daɗe yana aikin magani.

Mata su kula da abu guda. Mace takan ji ƙullutu a mara, ta ɗauka ciki ne ya kwanta. Ta jira shekara 1, ta jira 2. Cikin haihuwa wata 9 ne. Ƙullutun da ya wuce haka ba ɗa ba ne, sai an duba shi. Haka ma dattijuwar da ta daina ganin al'ada, in cikinta ya fara girma, a kai ta awo. Ko a asibiti, wannan ƙari yakan yi kama da ƙarin mahaifa ko na ƙwan mace, sai bayan an fiɗe shi a gane.

ALAMAR GAGGAWA

Babban ƙari yakan ruɓe daga tsakiya, ya tara jini da ruwa. Yana iya fashewa cikin ciki. In mai ƙullutu ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya, ciki ya yi tauri, zufa mai sanyi ta keto, jiri ya ɗauke shi, to jini ne ke zuba ciki. A nemi mota ko amalanke nan take. Kada a jira gari ya waye.

ABIN DA AKE YI A ASIBITI

Ana farawa daga gidan likita mafi kusa. Majo zai tambaya, ya taɓa cikin, ya ba da takardar zuwa asibitin gaba. A adana wannan takarda da kyau.

A babban asibiti, kamar na Yamai, na Damagaram ko na Maraɗi, ga matakan:

Na farko, hoton eko. Ana shafa wani mai a ciki, a ɗora na'ura. Babu zafi, babu yanka. Yana nuna ko ƙari ne, ko ruwa ne, ko saifa ce.

Na biyu, hoton sikana. Shi ke nuna girman ƙarin, da abin da ya manne wa, da kuma ko ya kai hanta.

Na uku, binciken naman. Ana ɗaukar ɗan yanki da allura ta musamman, ko a duba ƙarin bayan an fiɗe shi. A ɗakin bincike ana zuba mishi wani rini. In ya kama rinin KIT, ko wani mai suna DOG1, to an tabbatar. Wannan bincike yakan ɗauki kwanaki ko makonni. A yi haƙuri, a koma a karɓi sakamako. In babu shi, ba a san maganin da ya dace ba.

A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da cutar sankara. Akan tura masu irin wannan cuta can don ci gaba da magani.

WA KE WARKEWA?

Wannan ita ce tambayar da dangi ke yi. Lokotoro yana duba abubuwa 5 kafin ya ba da amsa.

1. Girman ƙarin. Wanda bai kai santimita 2 ba, wato bai kai goro ba, haɗarinshi kaɗan ne ƙwarai. Santimita 5 kamar ƙwan kaza ne. Santimita 10 kamar babban mangwaro ne. Wanda ya wuce 10 ya fi saurin dawowa bayan an cire shi.

2. Saurin hayayyafa. Mai bincike yana ƙirga ƙwayoyin da ke rabuwa biyu cikin ɗan fili da aka ƙayyade. In sun wuce 5, ƙarin mai zafi ne. In ba su wuce ba, mai sanyi ne.

3. Wurin da ya fito. Na tumbi ya fi sauƙi. Na ƙaramin hanji ya fi tsanani. Na waje gaba ɗaya ana lissafa shi cikin masu haɗari. A cikinsu kuma, na mayafin kitse yakan fi sauƙi bisa na tantanin hanji.

4. Fashewa. In ƙarin ya fashe, kafin aiki ko lokacin aiki, ƙwayoyinshi suna watsuwa cikin ciki kamar irin da aka watsa a gona. Yawancin waɗanda hakan ya same su, cutar tana dawowa.

5. Yaɗuwa. Wurin da ya fi zuwa shi ne hanta da tantanin kogon ciki. Ba ya cika bin kaluluwa ba.

A shekarar 2000 wasu lokotoro a Amurka suka buga labarin mutum 48 masu ƙari na waje. Mata 32 ne, maza 16. Ƙaraminsu yana da shekara 31, babbansu 82. Ga mutum 40, ƙarin yana cikin kogon ciki. Ga 8, yana bayan ciki. Mafi girma ya kai santimita 32. An bi sawun 31 daga cikinsu: ga mutum 12, cutar ta yaɗu ko ta yi ajalinsu. Wannan kafin zuwan maganin da ake da shi yau ne.

In an haɗa dukan GIST da aka fiɗe kafin su yaɗu, kamar mutum 6 cikin 10 suna warkewa da aikin fiɗa kaɗai. Ga na waje adadin bai kai haka ba. Babban dalili shi ne ana gane shi a makare.

A lura: cikin abubuwa 5 ɗin nan, saurin hayayyafa da wurin fitowa ba su hannun kowa. Amma girma da fashewa, akwai hannun dangi ciki. Ƙarin da aka kai asibiti yana kamar ƙwai ba daidai yake da wanda aka kai yana kamar ƙwarya ba.

AIKIN FIƊA

Fiɗa ita ce babban magani. Lokotoro yana cire ƙarin ɗungum, da fatarshi, ba tare da ya fashe ba. In ya manne wa hanji ko tumbi, akan yanke ɗan wurin a ɗinke.

Aikin yakan buƙaci jini. 'Yan'uwa masu ƙarfi su raka marar lafiya don su ba da. Ba da jini ba ya rage ƙarfin namiji, jiki yana mayar da shi.

Allurar sankara ta ƙarin ruwa da gashin na'ura, waɗanda ake yi wa sauran sankara, ba su cika aiki a kan wannan ƙari ba. Shi maganinshi dabam ne.

ƘWAYAR DA TA SAKE LABARI

Da can, in ƙarin ya yaɗu, mutum ba ya cika wuce shekara 1 da rabi ba. A watan Maris na shekarar 2000, a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, wani lokotoro mai suna Yowensu ya gwada sabuwar ƙwaya a kan wata mata mai shekara 50. An yi mata aiki sau da yawa, cutar ta cika hanta. Cikin wata 1, ƙarin ya ragu da rabi.

Sunan ƙwayar imatinib. Ana kuma sayar da ita da sunan Glivec. Aikinta shi ne ta toshe makunnin nan da ya maƙale. A shekarar 2002 aka yarda da ita don wannan cuta. Da ita, rabin masu cutar da ta yaɗu suna kai shekara 5, wasu har 10 da fiye. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Yanzu kamfanoni da yawa suna yin ta, har a Indiya, kuɗinta ya ragu bisa da.

Ana ba da ita ta hanya 3:

1. Kafin aiki, don babban ƙari ya ragu, ya yi sauƙin cirewa.
2. Bayan aiki, in haɗarin dawowa yana da yawa. Nan ana sha shekara 3. An gwada wannan a ƙasashen Turai, aka buga sakamako a 2012. Bayan shekara 5, cikin masu shan shekara 3, mutum 66 cikin 100 cutar ba ta dawo musu ba. Cikin masu shan shekara 1, mutum 48 ne kawai.
3. In cutar ta riga ta yaɗu. Nan ana sha kullum, babu ranar dainawa, muddin tana aiki.

Yawanci miligiram 400 ne, sau 1 a rana, tare da abinci da ruwa mai yawa. Takan sa kumburin fatar ido da safe, tashin zuciya, zawo, ɗaurewar jijiyar ƙafa, ko kasala. Ga baƙar fata, takan sa fata ta yi haske. Yawanci waɗannan ba su da tsanani. A faɗa wa lokotoro, kada mutum ya daina da kanshi. Mace mai shan ta kada ta ɗauki ciki, kada ta ba da nono, don tana cutar da jariri.

Akwai ƙarin da ba ya jin wannan ƙwaya tun farko. Akwai wanda ke jin ta, bayan shekaru ya daina. In haka ta faru, akwai ta biyu mai suna sunitinib, tun 2006, da ta uku mai suna regorafenib, tun 2013.

KADA A YANKE SHAN MAGANI

Ga mai cutar da ta yaɗu, ƙwayar tana danne ta ne, ba ta kashe ta duka. A ƙasar Faransa an gwada: wasu suka ci gaba da sha, wasu aka dakatar da su. Yawancin waɗanda aka dakatar, cutar ta taso musu kafin shekara ta zagayo.

Don haka jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne. Kafin damina ta yanke hanya, a je a karɓo na watannin gaba. Mai tafiya cin rani ya tafi da maganinshi da takardunshi. Kuma a riƙa komawa awo a ranar da aka rubuta, don in ƙarin zai dawo, ya fi dawowa cikin shekaru 5 na farko.

ABIN DA BA A YI WA ƘULLUTUN CIKI

- Ba a yi mishi sakiya. Ba maruru ba ne. Huda shi na iya fasa shi, ko ya huda hanji.
- Ba a murza shi da ƙarfi, ba a danna shi, ba a ɗaure ciki tamau da rawani.
- Tsaga da ƙaho ba su kai inda yake. Suna ƙara zubar da jinin da ya riga ya yi kaɗan.
- Ba a shan maganin wankin ciki mai ƙarfi. Ƙarin ba cikin hanji yake ba, zawo ba ya fitar da shi.
- Ba a sayen ƙwayoyin kan tebur a kasuwa don danne ciwon. Wasunsu suna sa tumbi zubar da jini, kuma suna ɓata lokaci.

Wanzamai da ungozomomi suna da babban aiki a nan. Su ne mutane ke fara nuna wa ciki. In sun taɓa ƙullutu mai tauri, taimakon da ya fi shi ne su ce: a tafi gidan likita.

ABIN DA ZA A RIƘE

Yawancin kumburin ciki ba wannan ƙari ba ne. Da yawa suna da magani mai sauƙi. Amma sai an je an duba ake sani.

Duk wanda ya ji ƙullutu cikin cikinshi, ko yana ciwo ko ba ya ciwo, ya tafi gidan likita cikin makon. Kada a ce sai bayan girbi, kada a ce sai an sayar da wake. Kuɗin mota da na eko ba su kai kuɗin babban aiki ba. Tun ice yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali, a bakin rijiya, da cikin gida wurin mata.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A MAKARANTAR YAƘI DA JAHILCI

1. Me ya sa ƙarin da ke wajen hanji yake girma kafin a gane shi?
2. Cikin abubuwa 5 da lokotoro ke dubawa, waɗanne ne dangi ke da hannu ciki?
3. Me ya sa ba a yi wa ƙullutun ciki sakiya?
4. In tsakar dare aka sami marar lafiya na gaggawa a garin nan, wa zai ba da mota ko amalanke, kuma daga ina kuɗin za su fito?